Hoton Fure Mai Kyau: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Legas

Cunkoso ne ya koya mini ɗaukar hoton furanni. Daga Agege zuwa wurin aikina a Ikeja ba wani nisa ba ne, amma akwai ranakun da sai mutum ya sauka daga danfo ya ƙarasa da ƙafa, kuma a irin wannan tafiyar na fara lura da masu sayar da fulawa a bakin titi da tukwanensu a jere. Tun daga nan duk wanda ya leƙa wayata sai ya yi tambaya: abokan aiki, samarin majalisarmu ta bayan isha'i, da ƙannena mata masu neman hoton da za su rubuta "Barka da Juma'a" a kai. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, kusan yadda aka yi mini su.

Malam, furen yana da kyau a ido, amma in na ɗauka sai hoton ya fito ba daɗin gani. Laifin wayar ne?

Da wuya. Ido yana da kara: in ka tsaya gaban fure, furen kawai yake nuna maka, ya rufa wa janaretan da ke bayansa asiri, haka ledar fiyawata da ta maƙale a reshe, haka tankin ruwan maƙwabta. Kyamara kuwa ba ruwanta, duk abin da ke gabanta kwashewa take yi. Saboda haka yawancin aikin mai ɗaukar hoton fure ragewa ne. Allah ya riga ya ƙawata furen, abin da ya rage maka shi ne ka kawar da duk abin da ke janye ido daga kansa. Kafin ka danna, ka bi kusurwoyi huɗu na fuskar wayar da kallo ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ka tarar a kusurwa wanda ba ka gayyace shi ba, ka matsa, ko ka durƙusa, ko ka zagaya, har ya fita. Wannan ɗabi'ar kaɗai ta fi sauya waya amfani.

Tecno ce a hannuna, ta yi shekara uku. Sai na nemi iPhone?

Riƙe Tecnonka. Fara da goge idon kyamarar da gefen rigarka mai laushi. Zafi da gumin Legas suna barin maiƙo a gilashin, shi ne ke sa hoto ya fito kamar an ɗauka ta cikin hayaƙin mai tsire. Sannan ka shiga saitin kyamara ka kashe abin gyaran fuska da abin da ke ƙara launi da kansa. An yi su ne don fuskar mutum da hoton abinci, fure kuwa sukan mayar da shi kamar na roba.

Kada lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Wayar da aka rubuta mata megafiksel 50, a ɗaukar yau da kullum takan haɗe su ta ba ka hoton kusan 12, kuma wannan ya wadatar. Ƙaramin idon ɗaukar abu kusa-kusa da ake saka wa wayoyi masu sauƙin kuɗi, mai megafiksel 2, gara ka bar shi. Ɗauki hoton da babban idon ka datse daga baya, zai fi fitowa garau. In kana son ganin zaren cikin fure sosai, akwai ɗan gilashin da ake maƙala wa waya da matsewa, ana samunsa a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja. Gwada shi a wurin kafin ka biya.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Sassafe. A Legas rana tana fitowa tsakanin 6:30 da 7:00 duk shekara, saboda garin yana kusa da tsakiyar duniya, kuma saboda wannan dalilin take saurin hawa sama. Hasken nan mai laushi ba ya jira: in ta kai ƙarfe tara, an gama. Wanda bai koma barci bayan asuba ba shi ke da riba uku a lokaci guda. Hasken yana zuwa daga gefe yana fito da jijiyoyin ganyen furen, iskar teku ba ta tashi ba tukuna, kuma furannin da ke buɗewa da safe suna kan ganiyarsu. Hibiskas, ɗan uwan yakuwa da rama da kuɓewa, furensa kwana ɗaya yake yi, da yamma ya fara langaɓewa. Bado kuwa da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya fara rufewa.

La'asar sakaliya ma tana da kyau, daga wajen biyar da rabi zuwa faɗuwar rana, sai dai iska ta fi yawa kuma furannin sun sha rana. Ranar da hadari ya rufe sama ba a yi ruwa ba, ranar sallah ce ga mai hoton fure, domin gajimare yana tace hasken, launi ya fito cikakke ba ƙyalli.

Ni sai da tsakar rana nake samun sarari, lokacin hutun aiki.

To sai ka yi wa furen inuwa. Farar lema ita ce ta fi, domin tana rage zafin hasken ba ta kashe shi ba. In babu, farin ƙyalle marar kauri, wani ya riƙe maka a sama. In babu kowa, tsaya ta inda inuwar jikinka za ta rufe furen gaba ɗaya. Abin gudu shi ne rabi rana rabi inuwa, furen ya fito dabbare-dabbare. Kuma kada lemar ta zama mai launi: na taɓa amfani da shuɗiyar lema irin ta kamfanonin waya, farin fure ya koma kamar an wanke shi da bula.

Idan gefe ɗaya na furen ya yi duhu, riƙe farin kwali ko takarda ta wannan gefen, kamar taƙi ɗaya daga furen, hasken zai dawo kansa. Filasha kuwa a kashe ta.

Bayan hoton ne kullum yake ɓata mini. Gidan haya muke, ko'ina bokiti da igiyar shanya.

Wannan ita ce babbar tambaya, kuma a Legas kowa yana fama da ita, har wanda ke Ikoyi, don shi ma bayan fulawarsa akwai waya mai ƙaya da injin sanyaya ɗaki.

Abu na farko da za ka riƙe: dusashewar baya tana zuwa ne daga tazara biyu. Ka kusanci furen iya yadda wayar za ta iya gani garau, shi kuma bayan ya yi nisa da furen. Furen da ke jingine da bango, duk tsadar kyamararka bangon zai fito da tsagunsa da gansakukarsa. Furen da ke ƙarshen reshe, wanda abin da ke bayansa ya kai taku biyar ko goma, ko da ƙaramar waya sai bayan ya narke. Saboda haka kada ka ɗauki furen da ya fi kyau a bishiyar, ɗauki wanda ya fi dacewar wuri. In a tukunya yake, an gama magana, ɗauke tukunyar ka kai ta tsakar gida, nesa da bango.

Na biyu, nemi bayan da ya fi furen duhu. In furen yana cikin haske, bayansa kuma inuwar zaure ce ko ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ka taɓa furen a fuskar waya ka ja alamar rana da za ta fito, mai ƙara haske ko rage shi, ƙasa kaɗan. Inuwar za ta koma baƙa ƙirin, furen ya tsaya shi kaɗai kamar an ɗauka a situdiyo. Mutane da yawa suna zaton da manhaja nake yin wannan.

Na uku, sama. In ka durƙusa ka ɗaga wayar, bokiti da igiya duk sun koma ƙasa, sai fure da sarari. Wannan yana yi wa buganbiliya kyau ranar da sama ta yi shuɗi. Ranar da ta yi fari fat, kada ka yi, furen zai fito baƙi.

In duk sun gagara, rataya mayafi marar ado ko shimfiɗa kwali mai launi ɗaya can baya, amma ka ba shi tazara don kada zaren yadin ya fito. Atamfa ba ta yi, ita da furen za su yi ta kishi a cikin hoton.

A tsakiya zan sa furen ko a gefe?

Kunna layukan raga a saitin kyamara, layi biyu a tsaye biyu a kwance, su raba fuskar gida tara. Inda layukan suka haɗu, wurare huɗu, nan ne ido ya fi jin daɗin tarar da abu. Sa zuciyar furen a ɗaya daga cikinsu. Sannan ka duba inda furen ya fuskanta: in ya kalli dama, bar masa fili ta dama, kada ka matse masa fuska da gefen hoto.

Amma ba doka ba ce. Furen da yake zagaye daidai wa daida, irin faranjifani mai ganye biyar da suke juyawa kamar farfela, in ka fuskance shi kai tsaye, tsakiya ce wurinsa, a hoto mai kusurwa huɗu daidai. Abin da ba ya kyau shi ne tsaka-tsaki: ba a tsakiya ba, ba a gefe ba, sai ka ga kamar hannun mai ɗauka ne ya goce.

Akwai kuma kara. Karan da ya miƙe ɗoɗar daga ƙasa yana raba hoto biyu kamar sandar tuta. Karkata wayar kaɗan ya shigo daga kusurwa.

Me ya sa duk hotunana suke kama da juna?

Saboda a tsaye kake ɗaukarsu duka, waya a daidai ƙirji, kana kallon furen daga sama, yadda kowane mai wucewa yake ganinsa. Sauka daidai tsayinsa. Juya wayar kanta ƙasa don idon kyamara ya kusanci ƙasa. Zagaya ka ɗauke shi ta baya, rana tana gabanka, hasken ya ratsa ganyen furen kamar fitila a cikin ƙyalle. Alamanda mai ruwan ɗorawa da hibiskas sun fi kyau a haka. Ni ba na barin fure sai na ɗauke shi ta fuska biyar aƙalla, kuma sau da yawa ta ƙarshen ce nake ajiyewa. Wandonka zai yi datti a gwiwa, wannan kam ba makawa.

Fure ɗaya ko da yawa?

In da yawa ne, dole ɗaya ya zama ango, sauran 'yan rakiya. Kafa idon kyamara a kan ɗaya, sauran su dusashe a bayansa. Uku sun fi biyu zama a hoto. Iksora da buganbiliya da suke fitowa cunkus, ko dai ka ware dunƙule ɗaya, ko ka cika hoton da su baki ɗaya ba gefe ba sama. A buganbiliya, abin da muke kira fure mai launin nan ganye ne da ya rikiɗe. Ainihin furen shi ne ɗan farin abin nan da ke tsakiya, kuma a kansa ya kamata kyamara ta kafa ido.

In na matso kusa sai hoton ya yi dishi-dishi.

Abu uku ne ke kawo haka. Kowane idon kyamara yana da iyakar kusancin da yake gani. Yawancin wayoyi in ka wuce kamar faɗin tafin hannu, sun daina gani. Ja baya kaɗan, ka datse daga baya. In wayarka tana da idon zum na gaskiya, mai 2x ko 3x, yi amfani da shi daga nesa, yana ma ƙara dusashe baya. Zum ɗin da ake buɗawa da yatsu biyu har 10x kuwa faɗaɗa hoto ne kawai.

Sai wurin da kyamara ta kafa ido. In ka bar ta, ganyen da ke baya za ta zaɓa. Taɓa tsinken tsakiyar furen, ka danne yatsa na daƙiƙa biyu har ta kulle.

Sai iska da hannu. Manna gwiwar hannunka a jikinka, ka jira tsakanin kaɗawa da kaɗawa, ka ɗauki biyar ko shida a jere. Wani ya tsaya ta inda iskar ke zuwa ya tare maka da kwali. Wani abu kuma da ya taɓa ba ni wahala: fitowa daga ofis ko mota mai sanyi zuwa cikin zafin waje, gilashin sai ya yi raɓa. Ba shi minti biyar ya huce.

Tsarin nan na hoton mutum da ke dusashe baya, yana yi wa fure?

Wani lokaci. Lissafi wayar take yi ta zaci inda abu ya ƙare, kuma siraran abubuwa suna ruɗa ta: sai ta cinye tsinken hibiskas, ko ta bar wani yankin bango garau tsakanin ganye biyu. Ɗauki ɗaya da shi ɗaya babu shi, ka buɗa ka duba gefen furen.

Yaya, jan fure in na ɗauka sai ya zama kamar an zuba fenti, ba a ganin komai a jikinsa.

Ba ke kaɗai ba, ƙanwata, har manyan kyamarori suna fama da ja. Kyamara tana auna haske ne gida uku, ja da kore da shuɗi. Jan fure a rana yana cika gidan ja har ya tumbatsa, alhali sauran hoton bai yi haske da yawa ba, don haka wayar ba ta ankara. Abin da ya tumbatsa kuwa ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi. Maganin a wurin ɗauka yake: ki taɓa furen, ki ja alamar rana ƙasa har ki fara ganin jijiyoyin ganyen. Hoton zai yi kamar ya ɗan yi duhu, ki bar shi haka, duhu ana iya ɗaga shi daga baya. Ruwan ɗorawa mai ƙarfi da farin fure ma haka za ki yi musu. In a inuwa kika ɗauka, rabin matsalar ta kau tun farko.

Ɗigon ruwan da nake gani a hotunan mutane, raɓa ce ta gaske?

Yawanci fesawa ake yi. Robar fesa ruwa irin ta masu guga ta isa, daga nesa, sau biyu ko uku. In ya yi yawa furen zai sunkuya. Ni dai na fi son bayan an ɗauke ruwan sama, don ganye da ƙasa da komai sun jiƙe tare, ba furen kaɗai ba.

Ina ake samun furanni a garin nan da babu fili?

Sun fi yadda kake zato yawa. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, a Ikeja GRA da Ikoyi da hanyar Lekki, su ne lambuna na farko, kuma da yawa daga masu ban ruwa a wuraren mutanenmu ne. Yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini. In kana yawan zuwa, ka sayi ko ƙaramar tukunya ce wata rana. Akwai wuraren shaƙatawa na gwamnatin jiha, irin Johnson Jakande Tinubu da Ndubuisi Kanu a Alausa, da Muri Okunola a Victoria Island. Akwai Freedom Park a titin Broad, tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar wurin hutu a 2010, inda tsofaffin bangaye suke yin baya mai kyau. Harabar Jami'ar Legas a Akoka ma tana da itatuwa masu fure. Lekki Conservation Centre, da aka kafa a 1990, daji ne da fadama, an fi zuwa don gadar sama mai tsawon mita 401 da birai. Wanda ya je neman fulawa jere zai dawo da hoton ganye, kuma ya riƙe wayarsa da kyau saboda biran.

Kada ka raina na gida. Furen kuɓewa, mai ruwan madara da jan ciki, ya fi fulawar kanti da yawa kyau. Ga furen kabewa, ga na zogale, ga na yakuwa. Har ciyawar ruwan nan da ta shigo ta Badagry a 1984, wadda ke toshe wa jiragen ruwan Ikorodu hanya, furenta shunayya ne mai ɗigon rawaya a ganye ɗaya. Masu kwale-kwale suna tsine mata, amma a hoto ba ta da laifi.

Gargaɗi biyu. Fulawar da ta leƙo ta katangar gidan mutane, gaya wa mai gadi abin da kake yi kafin ka ɗaga waya. Kusa da bariki ko ginin gwamnati kuwa kada ma ka fara. A bakin babban titi kuma, ka yi hankali in za ka juya wa hanya baya, masu fizge waya a kan babur ba su san fure ba.

Damina ko rani?

Kowanne da nasa. Damina, musamman Yuni da Yuli, tana ba da kore shar da hasken hadari. Buganbiliya kuwa rani take so, lokacin ne take cika da launi. Hazon Disamba da Janairu yana tausasa rana, amma ƙura tana kwanciya a ganye, sai ka ɗauraye da ruwa ka jira ya tsane.

Wace manhaja zan yi gyara da ita, kuma ta ina zan fara?

Snapseed ta Google kyauta ce. Lightroom ta waya ma yawancin abin da kake buƙata kyauta ne, kuma ta fi ta wajen gyara launi ɗaya-ɗaya. Ko wadda ta zo da wayar ta isa farawa.

Fara da datsewa, don ita ce damarka ta biyu ta gyara tsari. Yanke rabin ganyen da ya leƙo ta gefe, yanke farin tabon da ke kusurwa. Kada ka ji tsoro: hoton megafiksel 12 faɗinsa ɗigo 4000 ne, ko ka yanke rabi ya saura 2000, alhali 1080 ya ishi Instagram. Daga nan ka duba ɗumin launi. Fure a ƙarƙashin bishiya yakan ɗauko kore-kore, a inuwa kuma shuɗi-shuɗi. Nemi wani abu fari a hoton ka gyara har ya zama fari na gaskiya. Sai haske: rage wuraren da suka fi ƙyalli, ɗaga inuwa kaɗan. Kaɗan na ce, don in ka ɗaga inuwa duka, furen zai baje ya rasa siffarsa, kuma bokitin da duhu ya rufa wa asiri zai dawo.

Bayan nan ne gyaran da ya fi tasiri, wanda mutane ba sa yi: gyaran yanki. Snapseed tana ba ka damar taɓa wuri ɗaya ka gyara shi kaɗai. Taɓa bayan hoton ka rage masa haske da ƙarfin launi, ka bar furen yadda yake. Furen zai taso gaba ba tare da ka taɓa shi ba. Kaifi shi ne na ƙarshe, kuma ɗan ƙanƙani.

Ta yaya zan san gyaran ya yi yawa?

In launin ya kai inda ba ka taɓa ganinsa a jikin wani tsiro ba. In jijiyoyin ganyen sun ɓace. In wani farin zare ya zagaye gefen furen, wannan kaifi ne ya wuce kima. Garin neman gira ake rasa ido, kuma maɓallin ƙarfin launi ne ya fi tsone idon hotunan furanni. Ni ba na wuce 10 ko 15 a kansa, sau da yawa ma ragewa nake yi. Dabarata ita ce in kai kowane maɓalli inda ya yi mini daɗi, sannan in dawo da shi rabi. Ajiye wayar ka je ka yi wani abu, in ka dawo ka danna ka kwatanta da na asali. Kada ka yi gyara a cikin rana ko da hasken fuskar waya a ƙure, kuma ka kashe tsarin kare ido na dare da ke sa fuskar ta yi rawaya.

Filtocin da ake dannawa sau ɗaya, ban hana ba, amma su suka sa hoton kowa ya zama iri ɗaya.

Koren ganye yana fitowa da ƙarfi har ya danne furen.

Wayoyi suna son kore. A Lightroom shiga wurin haɗa launi, zaɓi kore kaɗai, rage ƙarfinsa da haskensa. Ka taɓa rawaya ma kaɗan, don rabin abin da muke gani kore a ganye, a wurin kyamara rawaya ne. Amma in furen kansa rawaya ne, bar ta.

Halal ne in goge tabo ko ƙwaro daga hoton? Ba yaudara ba ce?

Goge ɗigon ƙura ko guntun leda ba komai, kamar share tsakar gida ne kafin baƙo ya zo. Abin goge tabo yana aiki da kyau in ka buɗa hoton sosai ka taɓa kaɗan-kaɗan. Ƙudan zuma ko malam-buɗe-littafi kuwa, wa zai goge arziki? Ramin da tsutsa ta ci ma wani lokaci shi ne abin kallon. Inda na ja layi shi ne sauya wa fure launi ko ɗora shi a wurin da bai taɓa zama ba, sannan a ce haka aka gan shi. In kuma sayar da shuka kake yi, dole hoton ya yi kama da abin da mai saye zai karɓa.

Yaya, in na tura a WhatsApp sai ya lalace, kuma rubutun Juma'a yana rufe furen.

WhatsApp yana matse hoto. Ki danna alamar HD kafin ki tura, ko ki tura shi a matsayin fayil in kina so ya isa yadda yake. Zancen rubutu kuwa tun ran gini ran zane: ki yi tunaninsa kafin ki ɗauka. Ki riƙe wayar a tsaye, ki sa furen a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, ki bar sama fili mai duhu ko mai launi ɗaya. Nan rubutun zai zauna. Na sitatus tsayinsa 9:16 ne, na Instagram kuma 4:5 yana cika fuska. Launin rubutu ɗaya ya isa, fari ko wanda kika ɗauko daga jikin furen. In aya ce ko addu'a, ki bar mata sarari sosai, kada ganye ya ratsa ta.

Na samu babbar kyamara ta hannu. Wane saiti?

Sa ta a A ko Av, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar haske. Gilashin 50mm f/1.8 shi ne mafi sauƙin kuɗi mai dusashe baya, amma kada ka zauna a 1.8 kullum, wato ƙofar a buɗe wayam: kusa da fure, abin da zai fito garau bai wuce kaurin tsinke ba. Daga f/4 zuwa f/8 ne furen zai fito cikakke. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/250 na daƙiƙa, in da iska 1/500, ko da ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zai hau 800. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, yana ba da damar ceto ja da fari fiye da JPEG, fayil ɗin da aka saba. Akwai zoben da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashi don ya ƙara kusanci, ya fi gilashin makro, na ɗaukar abu kusa-kusa, arha nesa ba kusa ba. Sannan ka ajiye kayan a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shanye danshi, don laimar Legas tana sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki. Wasu wuraren shaƙatawa suna karɓar kuɗi daban in sun ga babbar kyamara, ka tambaya tun a ƙofa.

Ina so in wanke ɗaya in rataye a falo.

Hoton megafiksel 12 da ba a datse ba yana kai inci 10 da 13 garau, ya ma fi haka in daga nesa za a kalla. Takarda ba ta da fitila a bayanta kamar waya, saboda haka hoto yakan fito da duhu. Ƙara masa haske kaɗan kafin ka kai. Kai musu ainihin fayil ɗin, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba. Ka ce su fara wanke maka ƙarami, inci 5 da 7, ka fita da shi waje ka duba jan da koren, in ya yi sannan a yi babban. Takarda marar ƙyalli ta fi dacewa da falon da ke da taga, kuma kada a rataye shi a bangon da ke tsatsafo da damina.